Ɗanyen Kifin Nguru

A unguwar Sheshe da ke birnin Kano, idan aka ce gidan Barebari, ba a buƙatar ƙarin kwatance. Duk wanda ya iso bakin lungun hancinsa zai ƙarasa da shi, don ƙamshin banda ya riga ya shiga jikin katangar gidan tun zamanin kakanni. Mai faɗa a ji a wannan gida ita ce Ya Falmata, doguwar tsohuwa mai tsage a fuska, wadda a nan cikin birni aka haife ta, amma idan ranta ya ɓaci Barbarci ne ke fara fitowa daga bakinta kafin Hausa ta biyo baya. Lokacin da mijinta ke raye shi ke sayo bandar kifi daga Nguru, ita kuma ta zauna ta tsince ta, ta ware mai kyau daga wadda ƙwaro ya fara ci, ta sake kyafa wadda ta sha danshi a hanya. Da ya rasu, ɗansu Bukar ya gaji rumfarsa a kasuwar Kurmi, ita ta ci gaba da riƙon gida.

Bukar magidanci ne mai mata da 'ya'ya, ba ya wasa da sana'a, sai dai Allah ya yi shi da son ganin ƙwaƙwaf. Abin da duk ya gani sabo sai ya tsaya ya tambayi yadda aka yi shi. A wajejen shekarar alif ɗari tara da hamsin da biyar, wata rana ya kai wa wani kuku banda a Waje, can bayan ganuwar birni, kukun ya ja shi ya nuna masa ɗakin sanyi na kamfanin da yake wa aiki. A nan Bukar ya ga kifin da aka ce daga teku ya zo, kwance cikin ƙanƙara, idonsa garau kamar yanzu aka zaro shi daga ruwa. Ya dawo gida da ɗan guntun ƙanƙara ƙunshe a tsumma, ya durƙusa ya miƙa wa mahaifiyarsa.

Ƙanƙarar da Ya Falmata ta sani ita ce mai faɗowa da ruwan sama ta fasa wa kaji kai. Ba ta taɓa jin an ce mutum na yin ta da hannunsa ba. Ta karɓa, ta riƙe, sai ta yi maza ta sake ta a kan tabarma, ta ce abin yana ƙuna kamar garwashi. Bukar ya yi dariya, sannan ya fito da abin da ke ransa. Ya ce yana so ya ɗauki ƙanƙara a jirgin ƙasa zuwa Nguru, ya cika akwatuna da ɗanyen giwan ruwa da karfasa, ya kawo wa mutanen birni, waɗanda da yawansu ba su san ɗanyen kifi ba sai tarwaɗar kududdufi.

Ta ce gidansu da hayaƙi aka san shi, kuma abin da ya narke a kan tabarmarta kafin su gama magana ba ta ga yadda zai kai Nguru ya dawo ba. Amma ba ta hana shi ba. Namiji ne mai iyali, kuma a ƙasan zuciyarta ta ji daɗi da ya zama ɗanta ne ya fara tunanin, ba ɗan wata ba.

Bukar ya sa wani kafinta a Koki ya yi masa akwatuna masu bango biyu, aka cusa garin katako a tsakani, aka lulluɓe cikinsu da kwano. Tsakiyar bazara ce, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ya sayi ƙanƙara ya hau jirgi. Ya Falmata da ta ce ba ruwanta, kafin ya kai Nguru ta gaya wa rabin matan unguwa su tanadi tukwane.

Ranar da zai dawo ta sa aka share ƙofar gida aka yayyafa ruwa. Bayan la'asar aka ji ƙarar kofaton jakunan Ashafa, maƙwabcinsu da ke yi musu dakon kaya daga tasha. Tana zaune a tsakar gida ta ɗaga hanci, sai ta san an yi asara. Shekarunta a cikin kifi sun wuce a ce sai ta gani da ido. Ta yafa mayafi ta fito zaure, ta tarar ƙudaje sun riga ta zuwa, mutane kuma sun fara ja da baya suna toshe hanci. Bukar ya buɗe akwatin farko. Babu ƙanƙara ko ta shafa wa ido, sai wani ruwa mai yauƙi, kifaye na iyo a ciki da kumburarren ciki. Na biyu ma haka. A na uku ne aka sami na sama-sama da ba su fashe ba, amma da ta danna ɗaya da yatsa sai gurbin yatsar ya zauna bai taso ba.

Ashafa ba mugu ba ne, tausayi ne ya kama shi. Ya ja Bukar gefe, ya rage murya, ya ce waɗannan na saman idan aka wanke su da lemun tsami, aka soya su ƙayau da barkono mai yawa, akwai masu tuwo a bakin tasha da za su saya, ba wanda zai gane. Ya Falmata na jin su. Ta tsaya ne ta ga abin da ɗanta zai yi.

Bukar ya share gumi da hannun riga ya ce, "Malam Ashafa, na gode. Amma abin da ba zan ba 'ya'yana ba, ba zan ba ɗan wani ba. Ka taimake ni da jakunanka mu kai bayan ganuwa."

Haka aka yi. Suka haƙa rami suka binne duka, ungulaye na shawagi a kansu. Da ya dawo bai iya cin tuwo ba. Matarsa Hasana ta yi ta kuka a ɗaki, ita kuwa tsohuwar ta aika masa da fura, ta ce a gaya masa ubansa ma da haka zai yi.

Da a nan maganar ta tsaya, da wataƙila ta bar shi ya koma kan bandarsa. Amma bakin mutane bai bar su ba. A Kurmi aka laƙaba masa Bukar Mai Ruwa. Sannan a wani gidan suna, mata cike da tsakar gida, Luba, wata maƙwabciyarsu da suka yi shekaru suna 'yar tsama da wasa, ta ɗago murya ta ce, "Ya Falmata, ashe rijiyar gidanku ta ƙafe? An ce har Nguru ɗanki ya je ya sayo ruwa." Mata suka kwashe da dariya. Ya Falmata ta yi murmushi, ta ci goronta, ta yi wa mai jego addu'a, ta yi sallama. Amma duk hanyar gida Barbarci take yi ita kaɗai.

Tana shiga ta aika a kirawo Bukar daga kasuwa. Ta sa shi ya zauna, ta ce ya ba ta labarin tafiyar tun daga hawa jirgi, kada ya tsallake komai. Ya fara da kame-kame, daga baya ya saki jiki. Ya ce a hanyar zuwa mutanen jirgi suka ji labarin akwai ƙanƙara, kowa na son gani, shi kuma daɗi ya kama shi, duk tashar da aka tsaya sai ya buɗe ya nuna, har yana ɓalla wa yara su tsotsa. Kafin Nguru kusan rabi ta tafi. Kifin kuma a kasuwa ya saya da hantsi, bayan ya sha rana a kan faranti, ya zuba shi yadda yake, da hanjinsa da komai, ya ɗora manyan ƙanƙarar a sama ya rufe. Da zai dawo, da kansa ya zaɓi taragon ƙarfe da ake loda fatu, don ya ga yana da ƙofa mai kulle, bai tuna cewa da rana cikinsa tanderu ne ba.

Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin ubansa ya sayi kifin da ba a farke cikinsa ba. Ya ce a'a. Ta ce to daga ciki kifi ke fara mutuwa ta biyu, kuma wanda rana ta riga ta dafa ba sanyin da zai mayar da shi ɗanye. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce shi ma ya koma wajen masu ɗakin sanyin ya yi tambaya, sun ce ba a ɗora ƙanƙara a dunƙule, farfasa ta ake yi ƙanana, a shimfiɗa ta, a jera kifi, a sake shimfiɗawa, kuma dole a huda gindin akwati ruwan da ya narke ya riƙa fita, don kwanciya cikin ruwan nan ita ce ta ƙarasa nasa. Ta ji wannan ta gyaɗa kai, don ba ta san shi ba.

"Ashe ba ka haƙura ba," in ji ta.

"Ban haƙura ba, Inna. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"To ka bari zafi ya karye, ruwa ya ja baya, kifi ya yi yawa. Tare za mu je."

Ya yi ta roƙonta, ya ce tafiyar ba ta tsofaffi ba ce, mutane ma za su ce ya kasa har sai da uwarsa ta raka shi. Ta ce mutane sun riga sun faɗi abin da ya fi wannan. Tana da 'yar'uwa a Nguru, Hajo, wadda ta auri masunci, rabonta da ita tun suna 'yan mata, zumunci za ta je, wanda ya isa ya hana ta.

Damina ta wuce, kaka ta shigo. Aka mayar da akwatunan wajen kafinta ya huda gindinsu, ya ƙara musu garin katako. Ita kuma ta tattara tsofaffin buhunan algarara, ta ce yadda jiƙaƙƙen tsumma ke sanyaya tulu haka zai yi wa akwati. Ranar tafiya suka wuce ta gaban dalar gyaɗa da aka fara tarawa kusa da tasha, ta ɗaga kai ta dube ta sau ɗaya, ba ta ƙara ba, don kada a ce baƙauyiya ce. Bukar ya yi magana da gadin jirgi, ya yarda a sa akwatunan a kusurwar taragonsa inda iska ke ratsawa. Ya Falmata ta shimfiɗa buzunta a kan ɗaya ta zauna.

Ba a jima ba labari ya zaga jirgi. Wani ɗan kasuwa mai babbar riga ya zo ya gaishe ta da ladabi, ya ce an ce akwai abin mamaki a ƙarƙashinta, yana so ya leƙa. Ta ce masa abin da ke ciki irin amaryar Barebari ne, ba a buɗe fuskarta a hanya. Ya yi dariya ya koma. Wasu suka zo, kowa da irin amsar da ya samu. Bukar da kansa ya so ya ɗaga murfi ya ga ko ƙanƙarar na nan, ta harare shi, ya janye hannu. Har suka isa Nguru ba a buɗe ba, da aka buɗe kuwa sai ga ta kusan yadda aka zuba ta.

Hajo ta tarbe su da kuka da dariya, tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suna ta wushe wushe, gaisuwar Barbarci, ba ƙarewa. Amma Ya Falmata ba ta bari zumunci ya ci aikin ba. Ta sa mijin Hajo ya yi magana da abokansa, aka shirya cewa kifin da za a kama da asubar ranar komawa ba za a kai shi kasuwa ba.

Gari bai gama wayewa ba suna bakin ruwa, an sauke akwatunan a ƙarƙashin wata tsamiya. Kwale-kwale na isowa ana miƙo kifi yana motsi. Ya Falmata ta ɗaure zane ta zauna da wuƙa, ita da Hajo da matan gidan. Suna farkewa, suna zare hanji, suna wankewa da ruwan rijiya, ba na tafki ba. Duk wanda ta ga ƙugiya ko mashi ya yaga masa jiki, ko idonsa ya dushe, sai ta jefa shi gefe ta ce na Hajo ne, a kyafa. Bukar kuma na gefe da taɓarya yana farfasa ƙanƙara cikin buhu, yana shimfiɗawa, yana jerawa, har cikin kifin yake cusa ta. Tana satar kallonsa. Hannunsa ya yi ja don sanyi, bai ko tsaya ya hura shi ba. Ta ce a ranta, wannan hannun ubansa ne.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya. Tun a Kano Bukar ya gaya mata cewa masu ɗakin sanyi sun ce kada gishiri ya kusanci ƙanƙara. Ta ce to, amma ba ta yarda ba. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an farke kifi an ajiye shi ba gishiri ba, a wurinta kamar a fitar da jariri ba zane ne. Da Bukar ya tafi neman amalanken da zai kai su tasha, saura akwati ɗaya ba a ɗaure ba, sai ta kwance bakin mayafinta inda ta ƙulle gishiri, ta ɗaga murfin, ta barbaɗa da yalwa, har tana tura shi ƙasa da yatsu. Hajo ta gan ta, ta kawar da kai. Ta rufe, zuciyarta ta kwanta, tana cewa ko sauran sun lalace wannan zai fid da su kunya.

Jirgi ya tashi da hantsi. Suka lulluɓe akwatunan da buhunan da aka jiƙa, duk tashar da aka tsaya Bukar ya sauka da bokiti ya samo ruwa ya ƙara yayyafawa. Da rana ta juyo ta fara leƙowa ta ƙofar taragon, suka ja kayan zuwa ɗaya ɓangaren. Kowane akwati na ɗiga a hankali ta hudar gindinsa, ɗis, ɗis, ban da ɗaya. Shi tun kafin tashar Malam Madori ya fara zuba kamar an huda salka, ruwansa ya bi ƙasan taragon har ya kai ga takalmin gadi. Bukar ya zagaya shi, ya duba murfi, ya duba bango ko ya tsage, bai ga komai ba. Wajen Ringim ya tsuguna ya tara yatsa, ya kai bakinsa.

Ya daɗe a tsugune. Ya Falmata ta mayar da fuskarta waje tana kallon gonakin dawa kamar ita aka ba aikin ƙirga su.

"Inna," in ji shi a hankali yadda gadin ba zai ji ba, "wannan akwatin kuka yake yi. Har ɗanɗanon hawaye gare shi."

Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ni na sa."

Ya tashi ya tattaro sauran buhunan ya ninka su a kan wannan akwatin, ya tura shi can cikin kusurwa, ya dawo ya zauna kusa da ƙafarta, ya ɓare goro ya miƙa mata rabi. Da ya yi mata faɗa da ta sami abin cewa. Wannan shirun nasa ya fi mata nauyi, ta karɓi goron ta riƙe a hannu har Kano ba ta ci ba.

Sun iso da sauran rana. Ashafa na jira da jakunansa, ya fara doguwar gaisuwa yana tambayar mutanen Nguru ɗaya bayan ɗaya, ta ce masa duk suna lafiya, sauran gaisuwar a ƙarasa ta a gida, kada akwati ya taɓa ƙasar tasha mai zafi. Aka ɗora, aka ɗaure, aka ƙara jiƙa buhuna. Bukar ya ce zai samo mata abin hawa, ta ce ƙafarta ta gaji da zama. Ta shige gaba, jakuna na binta, suka shiga ta Ƙofar Mata, suka ratsa Shahuci tana zaɓar gefen da katanga ta yi inuwa. Masu zaman bakin hanya na ganin akwatunan suka gane su. Wani ya ce ga Bukar Mai Ruwa ya dawo, wasu suka taso suka biyo baya don kada a ba su labari. Ba ta waiwaya ba.

Kafin su kai ƙofar gida lungun ya cika. Abin da mutane suka fara lura da shi shi ne babu ƙuda. Bukar ya so a shigar da kayan zaure a buɗe a ɓoye, ta ce a'a, a nan waje aka ji warin na farko, a nan za a buɗe wannan. Ya yi bismilla ya kwance igiya ya ɗaga murfi. Wani sanyi ya taso ya bugi fuskokin na gaba. Ya share ƙanƙarar sama da hannu, ya zaro wani giwan ruwa mai tsawon kamu biyu, ya ɗaga shi sama. Jikinsa na sheƙi, idonsa garau, da ya buɗa kumatunsa sai ga su jawur. Ya Falmata ta matso ta danna shi da yatsa a gaban kowa, naman ya taso ya koma yadda yake.

Sai wani tsohon malami da ya yi karatu a gabas yana saurayi ya matso da sandarsa, ya shafa kifin, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun gemunsa na baƙi, ya ɗaga hannu ya yi wa Bukar addu'a, mutane suka shafa. Daga nan aka shiga turereniya. Yara suka ruga gidaje suna dawowa da kwanuka, waɗanda ɗazu ke kiran Mai Ruwa yanzu Malam Bukar suke cewa. Ashafa ya tsaya yana tsare layi kamar kayan nasa ne.

Akwati na biyu ma lafiya lau. Da aka zo na uku Bukar ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, a shiga da shi ciki. Wani mai tsini a baki ya tambaya ko shi ne ya koma ruwan. Bukar ya ce ƙanƙararsa ce ta gaza, laifinsa ne da bai lissafa daidai ba.

Ya Falmata ta riga ta sa ƙafa a zaure, ta juyo. "Ba laifinsa ba ne," in ji ta, yadda na bayan layi ma za su ji. "Ya ce kada a sa gishiri, ni na sa, gishirin ya cinye ƙanƙarar. Nasa biyu ga su kun gani. Nawa ɗaya ne, shi ne ya narke. Wanda zai yi dariya ya yi da ni."

Aka yi dariyar kuwa, amma irin wadda ake yi da kaka, har da masu cewa Allah ya ja kwana. Ta shige ciki kanta a sama.

Da aka buɗe akwatin a tsakar gida ba a sami ƙanƙara ba, kifin ya sha gishiri ya saki, na ƙasa-ƙasa sun fara canja launi. Ta tsince su da kanta, ta ware waɗanda suka wuce gyara ta ce a binne, sauran ta sa Hasana ta hura wuta a tsohon murhun kyafa, suka jera su kafin magariba. Daga cikin na Bukar kuwa ta riga ta ɓoye karfasa biyu manya. Ɗaya ta sa a kwano mai murfi, da ɗan guntun ƙanƙara a kai, ta aika wa Luba, ta ce a gaya mata ga ruwan Nguru ta ɗanɗana. Ba a daɗe ba kwanon ya dawo cike da dakakken yaji, da saƙon cewa Luba ta ce ta sha ƙasa, gobe tana nan tafe yi wa matafiya sannu.

Tun daga wannan kaka Bukar ya riƙa zuwa Nguru idan zafi ya sauka, ya huta idan bazara ta kama. Ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranar da jirgi ya yi latti ya yi asarar rabin kaya, akwai ranar da ƙanƙarar da ya samu ba ta daskare sosai ba. Amma bai taɓa sayar wa kowa abin da ya juya ba, har ta kai ga masu abinci daga Waje suna shigowa birni neman rumfarsa. Ya Falmata ba ta sake hawa jirgi ba, tafiyar nan ɗaya ta kumbura mata ƙafafu har sai da ta yi kwanaki tana jiƙa su a ruwan ɗumi.

A maraicen ranar da suka dawo tare ɗin dai, bayan an sallami mutane, Hasana ta zo ta durƙusa gabanta da ɗaya karfasar a faranti, tana jin kunya. Ta ce ita a Koki aka haife ta, banda kawai ta iya dafawa, ba ta san ta inda ake fara wa wannan ba, tana tsoron kada ya dagargaje mata a tukunya. Tsohuwar ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma, ta ce a kawo mata tsamiya da albasa da 'yar tukunyar ƙasa, a kuma kira yaran su zo su zauna su gani. Ta ce ba a juya shi da muciya, tukunyar ake girgizawa, kuma sai miya ta nuna ake sa shi. Hasana ta matso da murhu kusa da ita, ta fara yanka albasa.